Garka a Tsakar Gida: Darasin da Duwatsun Adar Suka Koya wa Matan Allakaye

Duk macen da ke kasa kaya a kasuwar Buza, ko ta Madawa, ko ta Keita, ba sai an gaya mata yadda farashin kayan miya ke hawa da sauka ba. A watan Fabrairu tumatir kan yi yawa har a rasa mai saye, sai a yanka a shanya a yi kauɗa. Amma da zarar zafin Mayu ya kankama, kashin da aka raina jiya sai ya zama na masu hali, ɗanyen ganye kuwa sai wanda ya yi sammako. Abin tausayi shi ne, wadda ta wuni cikin rana tana sayar wa jama'a kaya, ita ma da marece sai ta zare daga cikin ƴar ribarta ta yi cefanen gidanta.

Mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Idan gida na kashe dala 20 kacal kowace rana a kan ganye da tonka da albasa, a wata ya kashe jika 3, a shekara kuma sama da jika 36. Wannan kuɗi jari ne ga mai sayar da ƙuli-ƙuli ko gishiri da daddawa. Tambayar ita ce, shin babu yadda za a yi wani ɓangare na wannan kuɗi ya tsaya a gida?

A karkarar Allakaye, cikin gundumar Buza ta jahar Tawa, tambayar ta fi nauyi. Ƙasa ce ta tudu da duwatsu, damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, ruwan sha kansa a ƙauyuka da dama sai an yi tafiya da jaki da bido. Da an gama kaka mazaje da samari da yawa kan tafi bida Najeriya, Kwaddibuwa ko Libiya, kamar yadda aka san Adarawa da shi tun kaka da kakanni, a bar mata da yara da tsofaffi. Tun daga 2023 da darajar naira ta faɗi, saƙon da ake aikowa daga Legas ko Kano in an canza shi zuwa sefa ba ya kai yadda aka saba. Tukunya kuwa ba ta san wannan ba, kullum sai an ɗora ta.

Da yawa idan aka yi musu zancen garka a gida, sai su ce, "Mu da ruwan sha ma ya ishe mu wahala, ina muka ga na ban-ruwa?" Gaskiyarsu ne, in dai garka irin ta fadamar Tarka ko ta Galmi ake nufi, mai rijiya da inji. Amma garkar tsakar gida daban take. Ba daga iri take farawa ba, daga tsarin gida take farawa: ina ruwan da aka riga aka yi amfani da shi yake bi, ina iska ke shigowa, ina rana ke bugu, ina kuma aka ɗaure akuya.

Na fara fahimtar haka ne a gidan gwaggona, a wani ƙauye da ke kan tudun nan. A bayan ɗakinta, daidai inda ake alwala, akwai zogale guda huɗu da tushen yakuwa, kore shar a tsakiyar bazara, alhali ko'ina ya bushe. Na tambaye ta bido nawa take zuba musu a rana. Ta yi dariya ta ce, "Ke ɗiyata, ni ban taɓa ɗauko musu ruwa daga rijiya ba. Dutsen alwala kawai na matsar kusa da su." Tun daga ranar nake kallon kowane gida da wani ido.

Darussa uku daga maƙwabta

Mutanen Allakaye ba sai sun je nesa neman dabara ba, domin kuwa ƙasashen da ke kewaye da su sun yi suna a duniya wajen riƙe ruwa a inda babu ruwa.

Daga arewa akwai Keita. A 1984, shekarar babban fari, aka buɗe aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, hukumar PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Daga baya aikin ya faɗaɗa har cikin ƙasar Buza. An farfaɗo da hekta sama da 30,000 na fako, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18. Kuma kowa ya sani, mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka suka jera mata ne, saboda mazaje na wajen bida. Darasin Keita shi ne, kada a bar ruwa ya yi gudu. A sa masa shinge ya tsaya, ƙasa ta sha.

Daga yamma akwai Badagishiri da ƙasar Illela. A 1989 wasu manoma daga can suka ziyarci yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ƙananan ramuka a fako, a zuba taki a ciki, a shuka. Suka dawo suka gwada, abin da muke kira tassa ya bazu ƙauye bayan ƙauye, har fakon da ba ya da daraja ya zama abin saye da sayarwa. Darasin tassa shi ne, in ruwa da taki kaɗan ne, kada a watsa su ko'ina, a tara su a gindin shuka.

Daga kudu kuma akwai kwarin Majiya. Tun 1975 ma'aikatan gandun daji tare da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro layi bibbiyu, da tazarar mita 100 tsakanin jeri da jeri, domin tare iska. Gonakin da ke tsakanin layukan suka fi ba da hatsi, saboda iska ta daina kwashe ƙasa da busar da laima. Darasin Majiya shi ne, iska ma ɓarauniyar ruwa ce.

To, ƴar uwa, waɗannan dabaru uku da aka yi a kan dubban hektoci, su ne za ki ƙanƙanta ki shigo da su tsakar gidanki.

Fara da bin sawun ruwa

Kafin ki sayi iri ko na dala ɗaya, ki ɗauki kwana biyu kina lura da inda ruwa ke zuba a gidanki. Idan mutum 6 ke alwala sau 5 a rana, kowa ya yi amfani da lita 1, lita 30 ke nan, fiye da bido guda, ke bin rariya zuwa lungu kullum, inda yake zama kwata, sauro ya samu wurin haihuwa, maƙwabta su samu abin faɗa. A lokacin sanyi, fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2 yana iya rayuwa da kimanin lita 10 a rana. Ashe ruwan alwala kaɗai ya isa fangali biyu, har da saura.

Sai dai ba kowane ruwa ne na shuka ba. Ruwan alwala, da na wanke shinkafa ko ganye, da ƙasarin da dabbobi suka rage, duk suna da kyau. Ruwan wanka mai ɗan sabulu a bai wa itatuwa, kamar zogale da lalle. Amma ruwan omo da na jabel suna ƙona saiwa su lalata ƙasa, ruwan wankin kashin yara kuwa ba ya da wurin zuwa sai masai. Ni kaina na yi wannan kuskure: zogalen da na fara dasawa, ruwan wanki na riƙa juye musu don ina ganin gata nake yi, cikin ƴan makonni ganyen ya yi rawaya ya zube. Haka kuma ruwan da aka yi amfani da shi a gindi ake zuba shi, ba a kan ganye ba, kuma salati da duk abin da za a ci ɗanye a ba shi ruwa mai tsabta.

Da damina kuwa, mai ɗakin kwano tana da rijiya a bisa kanta ba ta sani ba. Ruwan sama na milimita 1 a kan rufi mai mita 1 tsawo da faɗi lita 1 ne. Ɗaki mai mita 4 da mita 5, in aka yi ruwan milimita 20, zai zubo da lita kusan 400, wato bido 16 masu lita 25. A sa tano ko randa a ƙarƙashin indararo, a rufe baki saboda sauro da ƙananan yara, rarar kuma a yi mata ƴar hanya da jeren duwatsu zuwa gindin itatuwa.

Wannan hanyar ruwa ba don shuka kaɗai ba ce. Daminar 2024 ta rushe dubban gidajen ƙasa a Nijar, har tsohon masallacin Damagaram mai tarihi ya faɗi a watan Satumba na shekarar. Ruwan da ke kwanciya a gindin bango shi ne ke cin gini daga ƙasa. Don haka fangali ko ramin shuka ya nisanci bangon ƙasa da aƙalla mita 1, ƙasar gindin bango ta ɗan yi gangare zuwa tsakar gida, rariyar fitar ruwa kuma kada a bari ta toshe.

Kowane abu da mazauninsa

Gidan Bahaushe dama a tsare yake: ga zaure, ga ɗakuna, ga rumbu, ga madafa, ga turken dabbobi, ga makewayi. Abin da ake bukata shi ne a ɗan gyara zamansu yadda kowanne zai taimaki ɗan uwansa.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina ma yawanci daga gabas yake tasowa. Saboda haka garka ta fi jin daɗi inda bango, ko darni, ko zana ya kare ta daga wannan gefe, amma ba ta rasa rana ba, domin kayan lambu na son rana ta wajen awa 6. A watannin Maris zuwa Mayu kuma ranar la'asar ce ke ƙona shuka, sai a yi mata ƴar rumfar kara mai shara-shara. Babbar itaciyar inuwa, kamar dogon yaro, wurinta yamma da ɗaki ko ƙofar gida, inda za ta rage wa ɗaki zafin marece. Kada a dasa ta jikin bango ko kusa da fangali, saiwarta na da nisan tafiya kuma za ta shanye ruwan ƙananan shuke-shuke.

Ramin taki ya zauna tsakanin turke da garka. Kashin awaki, da tokar murhu, da ɓawon kayan miya, da sharar tsakar gida in an tsince leda da batir, duk a zuba a ciki, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki mai sanyi. Ɗanyen taki yana ƙona shuka yana kuma kiran gara. Masai ya nisanci garka da randunan ruwa. In akwai rijiya, masana kiwon lafiya na ba da shawarar tazarar mita 30. Madafa kuma a sa ta inda iska ba za ta kora hayaƙi cikin ɗakin kwana ba.

Sai babbar magana, wato shinge. Akuya guda tana iya gamawa da aikin wata uku kafin ki dawo daga kasuwa, kaji kuma su tone iri tun bai fito ba. Wadda ta shuka ba ta yi shinge ba, akuya ta yi wa noma. A fara da ƙaya, ko kara, ko tsohon gidan sauro a kewaye ƙasa saboda kaji. A ciki-ciki kuma a jera lalle, wanda in ya girma ya zama shinge mai rai, ganyensa kuma kuɗi ne a lokacin salla da biki.

Me za a shuka, kuma yaushe?

Mai farawa ta fara da zogale, domin shi ne mai haƙuri. A gina rami kamar tassa, faɗi da zurfi kimanin kamu ɗaya, a cika da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki, a bar bakin ramin ya ɗan yi ƙasa don ya riƙe ruwa. A sa ƙwaya biyu ba da zurfi ba. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za su fito. In ya kai tsawon ƙugu a datse kansa, sai ya yi rassa maimakon ya miƙe sama inda hannu ba ya kai. Cikin wata uku an fara tsinka. Ba ya son ruwa ya kwanta masa, kuma in za a busar da ganyensa a inuwa ake yi, rana na rage masa amfani. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa wani irin zogale daga Indiya mai suna PKM-1 mai saurin ba da ganye, ta kuma yaɗa magarya mai aure, wadda ƴaƴanta suka ninka na daji girma. A tambayi malaman gona da na gandun daji na yankinku.

Da damina a shuka kuɓewa, yakuwa, lalo da rama, kabewa kuma a bar ta ta hau darni ko rumfa, ta ba da inuwa ta ba da miya. Daga Oktoba zuwa Nuwamba, in sanyi ya fara, lokacin tumatir ne da salati, shu, karoti, tonka da albasa. Albasa ko ba ta yi kai ba, lawashinta miya ne, a busar kuma a yi gabu. Da bazara kada a wahalar da kai, a riƙe zogale da ɗan alayyafo a inuwa, a rufe gindinsu da kara ko ciyawa don laima ta daɗe, a yi ban-ruwa da sassafe ko bayan la'asar.

Wadda tsakar gidanta dutse ne ko siminti, ko mai zaman haya a Madawa ko Tawa, ita ma ba a bar ta a baya ba. A unguwar Kibera ta birnin Nairobi a Kenya, inda ko wurin shanya babu, tun wajen 2008 dubban gidaje suka riƙa noman ganye a cikin buhu. A cika buhu da ƙasa da taki, a jera tsakuwa a tsakiyarsa daga ƙasa har sama don ruwa ya sauka, a huda gefe-gefe a dasa. Tsohon bido da aka yanka, da fasasshiyar roba, duk fangali ne. Akwai kuma dabarar tulu: a binne tulun ƙasa har wuya, a cika shi da ruwa a rufe, a shuka kewaye da shi, ruwan zai riƙa tsatsowa a hankali zuwa saiwa, ba abin da rana za ta sha.

Idan ƙwari suka taso, a daka ƴaƴan dogon yaro busassu, a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da marece. Toka a gindi na rage gara. Maganin feshin da ake ƙullawa a leda ko a ɗura a kwalba ba suna ba bayani, kada ya shigo gidan da yara ke rarrafe, balle ya hau ganyen da za a ci gobe.

Daga tukunya zuwa tire

Kada a yaudare ki, fangali biyu da zogale biyar ba za su sa ki bar kasuwa ba. Ribarsu ta farko ita ce kuɗin da bai fita ba, da ɗanyen ganye a kwanon yara a lokacin da ya fi wuya. Amma ƴar kasuwa ta san cewa abin da ya yi araha yau gobe zai yi tsada. Garin zogale, busasshiyar kuɓewa, kauɗa, gabu da lalle ba sa lalacewa da wuri, a adana su a fito da su lokacin da suka yi wuya. Don ɗanyen kaya kuma akwai dabarar da wani malami ɗan jahar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa, har aka ba shi kyautar Rolex a 2000: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a baki, a ajiye a inuwa mai iska. Tumatir da tattasai kan ƙara kwanaki ba su yi yaushi ba.

Abin da ya fi ƙarfin mace ɗaya kuwa, ƙungiya na iya shi. Asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jahar Maradi a 1991 kuma ya bazu ƙasashe da dama, ya nuna cewa kuɗin da ake zubawa mako-mako yana gina abu. Ƙungiya na iya sayen iri mai kyau ta raba, ko wayar shinge, ko tano, a yi ta zagayawa gida-gida har kowa ta samu.

Ku kuma magidanta, musamman masu shirin tafiya bida, kafin ku ɗaura kaya ku ba gida kwana biyu: ku gina ramukan, ku kafa shingen, ku gyara indararo da rariya. Wannan ma saƙo ne, kuma shi ba ruwansa da canjin naira.

Tun bayan farin 1984, lokacin da marigayi Seyni Kunce ya matsa wa ƙasa kan noman rani, ake faɗa mana cewa damina ita kaɗai ba ta ciyar da mu. Iyayenmu mata na Adar sun ɗauki dutse a ka sun mai da fako gona. Abin da ake nema daga gare mu bai kai nasu wahala ba. Ki fara da matsar da dutsen alwala, da rami biyu, da ƴar ƙaya a kewaye. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa albarka a gidajenmu da kasuwanninmu, amin.